Fomatin sau uku, ɓarawo yana nan cikin ɗaki

Wallahi na gaji. Sau uku ke nan cikin wata biyar ana yi wa laftof ɗin Yayata fomatin, wato a goge komai a sake saka Windows, jiya da daddare kuma ta kira ni wai tallan nan ya dawo. Waɗanda suka ga abin da na rubuta bayan sallah sun san kwamfutar da nake nufi, wadda hotunan bikin 'yarta suka bi fomatin na farko. Yau da safe na je na zauna a gabanta. Ko minti biyu ban yi ba kusurwar allo ta fara haihuwa: ga wata mata babu kayan kirki a jikinta, ga wani yana taya ni murnar cin iPhone, ga wani jan akwati yana ihu wai an gano bairos 5, in danna a wanke min. Fanka kuwa sai kuka take kamar injin markaɗe. Na buɗe Chrome, sai ga wani shafin bincike da ko sunansa ban taɓa ji ba ya zauna a kujerar Google.

Na kira mai gyaran. "Injiniya, me da me ka sa mata bayan fomatin?" Ya ce, "Oga, komai na sa wa Hajiya, Office, na buɗe PDF, na sauke bidiyo, antibairos ma har biyu." Na ce daga ina? Ya ce daga fulash ɗinsa, duk kirak ne, wato manhajojin kuɗi da aka fasa, ba sai ta biya ko sisi ba. Madalla! Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Ka share ɗaki tas, ka shafe shi da fenti, sannan ka hau babur ka je ka ɗauko ɓarawon ka dawo da shi, ka miƙa hannu a biya ka kuɗin aiki.

Jama'a, waɗannan abubuwa ba katanga suke haurowa ba, ƙofa ake buɗe musu. Ku tuna umarnin farko da kowane kirak yake bayarwa: ka kashe Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, kafin ka saka shi. Wato baƙo ya tsaya a zaure ya ce ba zai shigo ba sai an sallami maigadi, kai kuma jiki na rawa ka sallame shi. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhajar da ake sayarwa da dala ya raba ta kyauta, sadaka kuke zaton yake yi? Ladansa yana cikin kwamfutarku. In an yi sa'a manhajar talla ce, ta cika maka allo shi kuma ana biyansa a kan duk dannawa. In ba a yi sa'a ba ta leƙen asiri ce, ita ko tari ba ta yi, tana kwance tana kwashe kalmomin sirrin da ka ce wa birauza ta riƙe maka.

Na san wani zai ce, "Ni me nake da shi da za a sata?" Kana da Facebook, ko? Kana da imel ɗin da bankinka yake turo saƙo? To shi ke nan. Duk mun sha samun saƙon "don Allah ranta min dubu ashirin zuwa yamma" daga shafin mutumin da yake barcinsa bai san ana yi ba. A watan Mayun 2025 Microsoft ta sanar cewa cikin wata biyu kacal ta gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da manhajar sata mai suna Lumma ta shiga, kuma manhajojin kirak na cikin hanyoyin da take bi. Masu ita ba sa tambaya ko kai attajiri ne, tara suke kamar mai kalar gyaɗa.

Me ya sa yake dawowa ko an goge? Don goge abin da ido yake gani ake yi, a bar saiwar. Ga abin da na tarar a ta Yaya, da idona. Na fara cire ta daga intanet, na buɗe jerin manhajoji na jera su bisa ranar da aka saka, sai ga guda huɗu masu sunaye kamar na maganin tari, duk ranar fomatin suka shiga. Na cire. A cikin Chrome ga wasu 'yan ƙari, ƙananan manhajojin da ake liƙa wa birauza, guda biyu da ba ita ta sa ba. Jan akwatin nan mai ihun bairos kuwa ba bairos ba ne ma, izinin turo sanarwa ne da aka danna wa wasu shafuka, wataƙila wurin neman fim, na soke su duka ya yi tsit. Amma uwar tana cikin Task Scheduler, wurin da Windows take ajiye ayyukan da za ta riƙa yi da kanta: an dasa wani umarni da duk lokacin da aka kunna kwamfutar zai je ya sake sauko da abin da aka goge. Ka goge da safe, ya dawo da azahar. Sai da na tuge wannan sannan na sa AdwCleaner, wata 'yar manhaja ta kyauta da Malwarebytes ta saya a 2016, ta yi shara. Na cire antibairos biyun nan da ke ta kokawa da juna suna cinye ƙarfin na'ura, na tashi Defender, na sa ta yi binciken nan da take yi bayan ta sake kunna kwamfutar tun Windows ba ta gama tashi ba, lokacin da ɓarawon bai farka ya ɓuya ba.

Akwai kuma wadda masu fomatin ba sa faɗa wa mutane. In ka shiga Chrome da asusunka na Google, 'yan ƙarin nan suna maƙale da asusun. A wanke kwamfuta fes, kana sa imel ɗinka su biyo ka kamar jela.

Masu cewa lasisi tsada, na ji, nima a ƙasar nan nake, na san yadda dala take. Amma LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Edge da ke cikin Windows tana buɗe PDF. VLC kyauta ce tun fil azal. Me ya rage? Son a ce kwamfuta ta cika da kaya, shi ke nan. Masu cewa ai wani lokacin fomatin dole ne, ban musa ba, in ta leƙen asiri ce ta shiga ni ma shi zan ce a yi. Amma a kwashe takardu da hotuna tukuna, a sauko da Windows daga shafin Microsoft a kan fulash mai tsabta, kuma kada a sake kusantar da fulash ɗin Injiniya. Matsalar ba a tsintsiya take ba, a ƙofa take.

Abin da ya fi taɓa ni, Yaya ba ta yi laifin komai ba. Ta yarda da wanda ya fi ta sani ne, ta biya shi sau uku daga kuɗin ɗinkinta. Mun zauna a tabarma da wayarta, ba da kwamfutar ba, muna canza kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, muna fitar da duk na'urar da ba mu gane ba daga asusunta, muna kunna tantancewa mai mataki biyu. Kalma ɗaya take amfani da ita ko'ina, sunan autanta da shekarar haihuwarsa. Da na yi magana sai ta ce, "To ni kaina ɗaya ne, guda nawa zan riƙe?" Na rasa amsa, na samo mata ɗan littafi ta rubuta ta sa a ƙasan akwati.

Ga shi kuma Windows 10 ce a kai, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoban 2025, na'urar kuma ta tsufa ba za ta ɗauki 11 ba. Wannan rigimar wata rana ce. Af, tun ban manta ba, duk wanda ya je bikin nan kuma yake da hotunan ranar kamu a wayarsa, don Allah ya turo min, musamman wanda Inna take zaune a tsakiya da farin mayafi.