Kalmar Japananci da ta mayar da Innata azzaluma

Ran Laraba da daddare nakan je ajin koyon Japananci a wani ɗakin taron unguwa a nan Osaka. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi a jera a kanta, a zura silifas ɗin da aka tanada, kuma masu koyarwar dattijai ne 'yan fansho da ba a biyansu ko sisi. A nan aka koya mana abin da suke kira shieki ukemi, wato yadda ake nuna an sa mutum yin abu ba da sonsa ba.

Kalmar aiki ɗaya ake yi wa ɗori. Taberu shi ne ci. Tabesaseru, a sa wani ya ci, kamar yadda muke cewa ciyar. Sai tabesaserareru: an sa ka ci ba da sonka ba. Wasu kalmomin ana gajarce su, matsu, wato jira, ya koma matasareru, abin da mu za mu ce an shanya ka. Ƙorafin a cikin jikin kalmar yake zaune, ko ba ka ɓata fuska ba.

Malamar ta ce kowa ya faɗi abin da aka sa shi yana yaro. Na ce Inna kan tashe ni da asuba, cikin sanyin hunturu, zuwa makarantar allo, na rufe jimlar da ikasareta, wato an sa ni na je ba da sona ba, kamar yadda aka koya mana. Malamar ta dafa ƙirji ta ce kawaisō, wato Allah sarki. Raina ya ɓaci har na isa gida.

Ban ga laifinta ba, abin da kalmar ta faɗa ta ji. Kuma na yarda suna da buƙatar kalmar, don na ga ƙaramin ma'aikaci da manyansa suka ɗora wa giya a wajen liyafar ofis, washegari nomasareta, wato an sa ni na sha, kawai ya ce kowa ya gane. Suna ma da ikasete moratta, an yi mini alherin barina in je. Amma ita ma ba ta dace ba, ai ba roƙo na yi ba, kuka nake yi. Namu “an sa ni” bai yanke hukunci ba. Ya bar wa mutum shekaru ya gane ko cuta ce ko gata.

Awa 8 ce tsakaninmu da gida. Sadda nake hutun cin abincin rana, Inna na shirin tashi sallar asuba. Yanzu jikokinta take tashi, ni kuwa agogon waya ke tashina, shekara ta huɗu ke nan.