Yadda Neman Hedifon Mai Araha Ya Ja Min Kuɗin Anko

Idan na ce ina da situdiyo, kada hankalinka ya tafi irin na manya da ke Titin Gidan Zoo a Kano. Nawa wani lungu ne a falonmu, tsakanin firiji da taga. Akwai tsohuwar kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, da ƙaramin sawunkad (akwatin da ke haɗa makirufo da hedifon da kwamfuta), da makirufo ɗaya, sai katifar yara da nake jinginawa a bango idan za a ɗauki murya. Sifikun situdiyo kuwa sai dai in gan su a hoto. Ko da na samu kuɗinsu ma babu halin kunnawa, domin maƙwabcina aikin dare yake yi, da rana yake barci, kuma ba mutum ba ne mai yawan haƙuri. Don haka abincina gaba ɗaya a hedifon yake.

Wanda na fara sana'a da shi a wata kasuwar wayoyi na saye shi. Yaron shagon ya kifa min shi a ka, ya ƙure ƙara, na ji haƙorana suna kaɗawa.

"Oga, ka ji bes ko? Wannan orijina ne. Wallahi don kai ne kawai."

A jikin kwalin an rubuta wai yana fitar da sauti daga 5 Hz har zuwa 40,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti: ƙaramar lamba kauri, babba siriri). Kunnen ɗan Adam, lafiyayye ma, daga 20 yake ji zuwa 20,000. Ragowar na ɗauka gyara ce aka yi min, ko aljanun gida za su amfana. Ga Bluetooth, ga fitila mai sauya kala a kowane kunne. Na biya na fito da sauri, kada yaron ya gane na cuce shi.

Da na haɗa shi da kwamfuta, sai in danna fiyano, sautin ya tsaya gaishe-gaishe a hanya kafin ya iso kunnena. Ashe haka Bluetooth yake, jinkirinsa kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da mai sauraro ba zai damu da shi ba amma ya isa ya sa makaɗi ya yi ta tuntuɓe. Na sa masa igiya, magana ta ƙare. A ganina.

Ana nan sai wata Hajiya ta ba ni aikin waƙar bikin 'yarta, irin wadda ake jero sunan amarya da ango da ƙawaye da gwaggwanni, kada a manta kowa a yi gaba. Mawaƙiya ta zo ta rera, na zauna haɗa sauti. A cikin hedifon ɗin ganga tana neman fasa min kai, sai na yi ta rage ta. Muryar mawaƙiyar kuma na ji ta can ƙasa a dushe, sai na yi ta ɗaga samanta har ta fito fes. Da na gama na saurara, sai da na miƙe tsaye na tafa wa kaina.

Ranar kamu na je da sabuwar shadda, na zauna kusa da DJ don idan an tambayi wanda ya yi aikin kada a sha wahalar nemana. Aka kunna a manyan sifiku. Jama'a, ganga ta ɓace. Abin da ya rage wani ƙwas-ƙwas ne marar ciki, kalangun ma ya rame. Murya kuwa duk inda mawaƙiyar ta furta "s" sai ka ga mata sun runtse ido, ga shi sunan amaryar da "s" ya fara, kuma a kowane baiti sai an kira shi. Wata tsohuwa ta toshe kunne da gefen mayafi. DJ ya murɗa wannan ya murɗa wancan, gumi na keto masa. MC ya ce a yi haƙuri, matsalar na'ura ce. Ni ma na tashi na taya su duba igiyoyi, har ina girgiza kai ina cewa kayan haya ba su da tabbas. Cikon kuɗina dai har yau yana nan a "za a turo".

Washegari na ɗauki hedifon ɗin na nufi wurin maigidana, wanda a hannunsa na koyi aiki. Ya sa a kunne bai fi ƙiftawar ido ba ya cire.

"Kai, ai maroƙi ka sayo. Duk abin da ka ba shi zai ce ranka ya daɗe, ba a taɓa yin irinka ba."

Ya yi min bayani dalla-dalla. Irin waɗannan an ƙera su ne don daɗin sauraro, ana kumbura musu ƙasan sauti, wajen 100 Hz zuwa ƙasa, tsakiyar kuma inda murya take zaune a danne ta. Kai mai haɗawa sai ka rage abin da dama babu shi da yawa, ka ƙara abin da ya riga ya isa. Hedifon na aiki shi ne wanda ba ya ƙari ba ya ragi, ya ba ka abin yadda yake ko ranka zai ɓaci.

Na ce, "To Oga, wanne talaka zai iya?"

Ya fara lissafi da yatsu. Sony MDR-7506, wanda tun 1991 ake yin sa kuma har yanzu gidajen rediyo da masu ɗaukar sautin fim ba su rabu da shi ba. Audio-Technica ATH-M20x ga mai ƙaramin ƙarfi, ko yayansa M40x da ake iya cire wa igiya a sauya idan ta tsinke. AKG K240, da masu bin sahunsa a farashi mai sauƙi irin su Samson SR850 da Superlux HD681. Ya ce M20x wajen dala 50 ne a Amurka, Sony ɗin kuma wajen 100. Na ji abin da sauƙi, sai da na tuna tun 2024 dala ta taɓa haura naira 1,500. Na buga lissafin a waya, na kife ta a kan cinya.

Don ya lallashe ni ya ara min nasa Beyerdynamic DT 770 Pro in kwana da shi. A adaidaita sahu na kasa haƙuri, na cusa shi a wayata, na ƙure ƙara, amma abin da nake ji bai fi raɗa ba. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na kashe wa Oga kaya. Na kira shi murya na rawa. Ya yi dariya har da tari. Nasa mai ohm 250 ne (ohm shi ne ma'aunin yadda hedifon ke turje wa wutar da ake tura masa), yana son na'ura mai ƙarfin tura shi, ƙaramar waya ba za ta iya ba. Akwai mai 80, akwai mai 32, kuma duk mai son abu ɗaya ya yi masa aiki a situdiyo ya kuma yi masa a waya, ya nemi mai ƙaramar lamba.

Wannan na riƙe. Abin da ya faɗa bayan nan game da buɗaɗɗen baya da rufaffen baya, lokacin hankalina yana kan farashi.

Na yi odar mafi araha a jerin ta hannun wani abokina da ke Alaba a Legas, aka sako shi a mota, na karɓa a tasha. Baya gare shi mai raga-raga, na ce ma sha Allah, ga iska ga sauƙi. Na buɗe tsofaffin ayyukana na saurara, kuma a daren ban ci tuwo da daɗi ba. Kukan firijinmu yana cikin kowace waƙa. A wata akwai zakaran maƙwabta daidai kan amshi. A wata kuma ana jin mawaƙin yana taunar cingam. Duk waɗannan na sayar wa mutane, sun biya, wasu har da godiya.

Aiki dai ya gyaru, ba ƙarya. Sai ranar da surukina ya zo duba jikoki.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba a sana'armu. Kafin mawaƙiya ta zo, mai kiɗa yakan rera mata waƙar a matsayin gwaji don ta ji karin da za ta bi. Idan baitin mace ne, to da muryar mace za ka yi iya yinka. Ni kuwa ranar ina da wata waƙar soyayya, na maƙale murya na rera baitin budurwa tana roƙon masoyinta kada ya tafi ya bar ta. Bayan mun gaisa da Baba, na durƙusa na yi masa ban gajiya, aka kawo masa fura, sai na koma lunguna na kifa hedifon, a zatona daga ni sai Allah. Na maimaita baitin ya fi a ƙirga, ina lumshe ido ina gyaɗa kai.

Ragar nan da na yaba ashe ƙofa ce. Buɗaɗɗen baya yana barin sauti ya fita, shi ya sa yake ba da faɗi da sarari wajen haɗawa, shi ya sa kuma duk wanda ke ɗakin abokin sauraronka ne. Da na juyo, Baba ya ajiye ludayi yana kallona, uwargida kuma ta cusa fuska a filo kafaɗunta suna rawa.

"Wace baiwar Allah ce wannan take kuka haka?"

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. 'Yar autarmu ta taimaka min: "Abba ne!"

Baba bai ce uffan ba. Ya shanye furarsa, ya yi mana addu'a, ya tashi. Sai a bakin ƙofa na ji yana ce wa 'yarsa a hankali, ta riƙa dafa min citta da zuma, kuma sana'a duk sana'a ce.

Kwana kaɗan bayan nan mawaƙiyar ta zo, na ba ta shi ta sa don ɗaukar murya, sai ƙas-ƙas ɗin da ke riƙe mata lokaci ya zubo ta ragar ya shige makirufo, ya zauna daram a ƙarƙashin muryarta. A adaidaita kuma ba ya tare komai: hon, injin, mai tallan ruwa, duk tare muke sauraro. Na koma wa Oga, ya ce ai ya faɗa min, buɗaɗɗe na haɗa sauti ne a ɗaki shiru, rufaffe na ɗaukar murya ne da shiga jama'a. Wanda zai sayi ɗaya tak, rufaffe zai saya.

Na sayar da tsohuwar wayata na ƙara da ɗan abin da ke hannu, na samu Sony ɗin na hannu, wanda ya sha duniya amma lafiyarsa ƙalau. Igiyarsa nannaɗaɗɗiya ce, tana miƙewa har wajen mita 3, kuma ba a cire ta, don haka idan na fita da shi sai in tura rabinta a aljihun riga in yi ta tafiya da ƙullutu a ƙirji. Soson kunnen ya tsufa, fatar tana ɓarewa. A zafin watan Afrilu na Kano, idan wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, awa ɗaya ta isa kunnuwa su yi sharkaf. Wata Juma'a wani dattijo a sahu ya yi ta kallona, da aka sallame ya matso ya ce, "Ɗana, ka je a duba maka kunnen nan, baƙin abu yake fitarwa." Na sayi sabon soso.

Amma fa yana faɗin gaskiya, kuma yana rufe kunne ruf. Yanzu idan na gama haɗawa nakan saurara a sifikar waya, sannan in ba wani ɗan adaidaita a layinmu ya kunna a akwatinsa na bayan kujera, tunda a nan akasarin mutane za su ji waƙar. Idan ta tsira a nan, ta tsira ko'ina. Kwastomomi sun fara dawowa.

Rufewar ce ban yi wa lissafi ba. Wani dare ina tsakiyar gyaran wata ganga, na hangi uwargida a tsaye a gefena bakinta yana motsi. Cire hedifon a irin wannan lokaci yana warware wa mutum tunani, sai na yi abin da na saba: na gyaɗa kai na ce "to". Bakin ya ci gaba da motsi, na ce "ba damuwa". Ta ɗaga yatsu biyu, na ɗauka tana nufin saura minti biyu abinci ya sauka, na ce "in sha Allahu". Ta yi murmushi ta wuce.

Da safe ta ajiye min shayi, ta ce mai leshi tana jiran alat kafin azahar.

"Wane leshi?"

"Ankon bikin ƙanwata mana. Kala biyu, na kamu da na dina. Jiya ka ce ba damuwa."

Na ce ban ji ba, kunnena a rufe yake, kowa ya san rufaffen baya ne, har na fara yi mata bayanin bambancinsa da buɗaɗɗe. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta ɗauko wayarta, ta zare igiyar daga sawunkad, ta kwance babban kan ta cusa ƙaramin a wayar, ta kifa min hedifon ɗin a ka da hannunta, ta danna. Ga muryarta tana faɗin farashi, kala ta farko da ta biyu, har da kuɗin ɗinki da gwaggwaro. Ga tawa tana biye: to, ba damuwa, in sha Allahu. Jimillar ta fi kuɗin hedifon ukun a haɗe.

Na nemi ta sake kunnawa ko zan sami inda sautin ya shige, in ce ba haka na faɗa ba. Ko harafi ɗaya bai ɓace ba, har kukan firiji ana ji a baya.