'Yata ta zo ta huɗu a ajinsu, amma ba ta iya karatu ba

Ranar da aka ba da hutu 'yata ta shigo gida a guje da katin sakamako a hannu, tana cewa, "Baba, na zo ta huɗu!" Aji biyar take a firamaren gwamnati ta unguwarmu, nan gefen Abuja. Na duba kati: ta 4 cikin yara 83, Turanci 71, lissafi 68. Na yi murna har na sayo mata tsire.

Bayan kwana biyu uwarta ta dawo daga asibiti da maganin ƙaninta. Na miƙa wa yarinyar kwalin, na ce ta karanta mana sau nawa ake sha a rana. Ta ƙura wa kwali ido, ta ɗora yatsa a kan harafin farko, baki yana motsi, murya ba ta fita. Sai hawaye. Na ce ta ɗauko littafin ajinsu. Shafin farko ta zubo shi tiryan-tiryan kamar karatun allo, ashe hadda ce. Da na buɗe tsakiya na nuna mata layi ɗaya, sai ta yi tsit. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Idan ta huɗu ke nan, to ina labarin na tamanin?

Da aka koma makaranta na ajiye aikina na je. Bencin mutum biyu yara huɗu ne a kai, sauran suna ƙasa a kan buhunan da suka zo da su daga gida. Allon bango ya koɗe, na baya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gabansa. Na nuna wa malamarsu katin, na ce, "Malama, don Allah wannan makin daga ina ya fito?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, ƙirga su da kanka. Ni kaɗai ce a kansu daga safe har a tashi. In na kayar da su a ina zan zaunar da su, ga 'yan aji huɗu suna tahowa?" Tambayoyin jarrabawa a allo ake rubutawa, a yi ta maimaita amsa har ta zauna, gobe a juye a takarda.

Ban ga laifinta sosai ba. Wanda ya bar ta da yara 83 da guntun alli shi nake nema.

Ku zo ku ga su wane ne a ajin nan. 'Ya'yan masu gadi ne, da 'yan garuwa, da direbobin Keke, da leburorin da suka gina gidajen Maitama da Asokoro. Akwai 'ya'yan Gwari masu garin, akwai Fulani, Tibi, Ibo, akwai yaran da iyayensu suka gudo daga Gwoza. Wani shekararsa tara, wani goma sha huɗu, domin gudun hijira ya cinye masa shekarun karatu. Wata sai ta gama tallan awara take shigowa ƙarfe tara. Kowa da yaren da ya sha a nono, ana yi musu darasi da Turancin da ba wanda ke ji a gidansu. Yaran da suka fi kowa buƙatar a zauna da su ɗaya bayan ɗaya, su aka cusa a ɗaki guda kamar buhunan masara. Ban ga ɗan kansila ko ɗaya a wurin ba, ban ga ɗan darakta ba. Kai, malaman kansu masu ɗan hali makarantar kuɗi suke kai nasu. Shi ya sa rufi zai yi ta yoyo damina bayan damina, babu mai ɗaga waya.

A 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki daga Maris har Yuli, sama da wata uku, a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun 2024 amma bai iso gare su ba. Zango guda ya tafi a banza. 'Yata ta wuni tana wanke-wanke, yaran maƙwabta suna yawon bola. Da aka dawo, wa ya rama musu karatun? Gaba aka tura su kawai. Da makarantun da 'ya'yan manya ke zuwa aka rufe, ko mako guda ba za a yi ba.

Kuma a ce mana ilimi kyauta ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. To ni kowane zango sai na biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, kuɗin katin sakamakon nan da kansa, ga tsintsiya a kai. Zan biya, ban ƙi ba, ko da zan rage cefane. Amma in biya a ba ni katin ƙarya? Gara a rubuta mini sifili da jan biro in san inda nake tun tana aji biyu, da a yi ta lallaɓa ni har shekara biyar ta wuce.

Baɗi za ta gama aji shida, a ce ta shiga ƙaramar sakandare. Da me? Yanzu kullum bayan Isha'i muna zaune a tabarma da fitilar waya, muna ba, bi, bu, abin da ya kamata a ce ta wuce tun tana 'yar shekara shida. Taron iyaye mai zuwa kuwa da katin zan je, da kwalin maganin, in roƙi shugaban makaranta ya kira na ɗaya a ajin ya karanta mana a gaban kowa.