Titin jirgi ɗaya tal, shi ma sun rufe shi da dare

Wallahi jiya na ga wulaƙanci ganin idona. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina zarya sashen kago, wato na kaya, a filin jirginmu, katan goma sha huɗu na takalman yara da jakunkuna na yi oda daga Chaina saboda kasuwar sallah, ejan ya ce an loda an taso, amma shiru kamar an shuka dusa.

Ashe titin sauka suke gyarawa. Daga goma na dare zuwa shida na safe a rufe yake, su kankare tsohuwar kwalta su zuba sabuwa, ta huce kafin jiragen fasinja na safe su fara sauka. To jirgin kaya fa? Shi dama da dare yake shigowa, kuma titin guda ɗaya ne babu na biyu, sai kawai ya juya akala ya sauke mana kaya a Legas.

Duk wannan a bakin wani ɗan dako na ji. Ogan da ke kan tebur kuwa, na yi sallama bai amsa ba, yana danna waya yana ɓare gyaɗa. Na ce ranka ya daɗe, don Allah kayana nake bincike, ga takarda. Bai ko karɓa ba, da haɓa ya nuna min in ajiye. Na ajiye. Ya hure ɓawon gyaɗa a kanta, sannan ya ɗago ya ce "Alhaji ai an fitar da notam tun tuni, ba ka karanta ba?" Notam! Sanarwar da ake ba direbobin jirgi! Ni da nake sayar da takalmi, ashe har da karatun tuƙin jirgi ya kamata in yi. Na danne zuciya na ce to yaushe za a gama aikin? Ya ce "je ka tambayi titin." Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Yaron da na haifi kamarsa fa.

Yanzu sai na biya kuɗin ajiya a Legas, na biya mota, ga shingaye a hanya kowa da hannu a miƙe, kaya su iso bayan an sauko daga idi, wa zai sayi takalmin sallah a lokacin?

Ni ban ƙi gyara ba, wa yake son jirgi ya faɗa rami. Amma ƙasar nan sai abu ya ruɓe ake tunawa da shi. A 2017 sati shida aka rufe filin Abuja aka mayar da kowa Kaduna, saboda titin da aka yi don shekara ashirin an bar shi ya haura talatin. Na Inugu an rufe a Agustan 2019, sai da ya shekara. Na Abuja da yake manya ke hawa, cikin sati shida cif aka gama, har da rakiyar jami'an tsaro a hanya. Mu 'yan katan ko tes ɗin waya ba mu isa a turo mana ba, amma ranar karɓar haraji lambarmu ba ta taɓa ɓata musu.

Takardar ma na baro ta can, da ɓawon gyaɗarsa a kai.