Dandalin da ya iya cewa a'a shi ke ɗaukar jama'a

Ɗan ƙanwata ya gama karatun kwamfuta bara, kuma cikin ikon Allah bai daɗe a zaune ba ya samu aikinsa na farko. Wata makarantar kuɗi ce mai ɗalibai da ba su kai 400 ba take son manhajar da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu a waya. Cikin kwana goma ya gama rubuta ta. Mako uku bayan nan na leƙa gidansu, na tarar da shi zaune a kan tabarma, kwamfuta a cinya, ido ya yi ja, janaretan maƙwabta na ta ƙugi. Iyaye dai har lokacin ba su ga komai ba. Na ce masa ina aka kwana? Ya ce, "Kawu, Kubernetes nake ɗorawa. In makarantu dubu suka zo gobe fa?" Kubernetes ɗin nan wani babban tsari ne na tafiyar da manhaja a kan kwamfutoci masu yawa a lokaci guda. Na karɓi kwamfutar na ƙirga. Fayilolin saiti sun fi fayilolin manhajar kanta yawa.

Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da aka nuna masa ke nan a matsayin ƙwarewa. Ƙorafina yana kan masu gina dandalin da ake ɗora manhajoji, wato abin nan da ake kira girgije, wanda a taƙaice kwamfutocin wani kamfani ne da kake haya ta intanet. Da yawansu sun ɗauka kirki shi ne su buɗe wa mai rubuta manhaja kowace ƙofa, su ce zaɓi wadda ka ga dama. Ni kuwa abin da tarihin wannan sana'a ya nuna min shi ne, dandalin da suka yi sauƙi kuma suka iya ɗaukar jama'a masu yawa, su ne waɗanda suka rufe wasu ƙofofi da gangan tun ranar farko.

Mu ɗauki Heroku. Mutum uku suka kafa shi a Amurka a 2007: James Lindenbaum da Adam Wiggins da Orion Henry. Da farko yaren Ruby kaɗai yake karɓa. Abin da ya ja masa suna layin umarni ɗaya ne, git push heroku master. Ka rubuta shi, ka danna, kafin shayinka ya huce manhajarka tana kan intanet da adireshinta. Babu sayen saba, wato kwamfutar da manhaja ke zama a kanta jama'a su same ta, babu girka mata tsarin aiki, babu kwana a kan saiti. A ƙarshen 2010 kamfanin Salesforce ya saye shi a kan dala miliyan 212.

Mutane suna tuna wannan sauƙin, amma sun cika manta sharuɗɗan da suka haife shi, kuma a nan ne darasin yake. Heroku yana gudanar da manhajarka a cikin wani ɗan akwati da suka raɗa wa suna dyno. Duk abin da ka rubuta a faifan akwatin nan, ka ɗauka ya tafi, domin aƙalla sau ɗaya a kowace rana ana kashe akwatin a tayar da sabo fil. Hotunan masu amfani da bayanansu dole ka kai su wani rumbu na daban. Idan wani ya nemi shafi manhajarka ta wuce daƙiƙa 30 ba ta fara amsawa ba, sai a katse. Aiki mai nauyi, kamar haɗa rahoton ƙarshen zango, dole ka tura shi layi a yi shi a bayan fage. Kalmomin sirri kuma ba a binne su a cikin rubutun manhaja, ana ajiye su a gefe. A 2011 Wiggins ya tattara waɗannan ɗabi'u ya fitar da su a matsayin ƙa'idoji 12, waɗanda har yau ake karantarwa.

Wanda ya saba da sabarsa ta kansa, inda yake zuba fayil duk inda ya so, zai ga wannan takura ce. Amma a dubi tashar masu keke napep. Abin da ya sa ranar kasuwa za a iya ƙaro kekuna ashirin layi ya ci gaba da tafiya shi ne babu keken da fasinja ya bar kayansa a ciki jiya. Kowane keke zai iya ɗaukar kowa. Da a ce kowane fasinja yana da keken da ya ajiye buhunsa, to ƙaro kekuna ba zai rage cunkoso ba, kowa zai tsaya jiran nasa. Haka akwatunan Heroku suke. Tun da ba wanda ke riƙe da komai, in jama'a suka yi yawa sai ka ce a mayar da akwati ɗaya ya zama goma, kuma in ɗaya ya mutu da tsakar dare ba wanda zai tashi daga barci. Hanin da aka yi maka ranar farko shi ne ya ba ka damar girma a shekara ta uku, ba tare da ka ma san an shirya maka ba.

S3, rumbun ajiyar fayiloli na girgijen Amazon, wanda ya fito a watan Maris na 2006, haka ya faro: ka ajiye abu, ka ɗauko shi, ka goge shi, ka ga jerin abin da ka ajiye. Ba ka iya buɗe fayil ka gyara tsakiyarsa, sai dai ka sauya shi ɗungurungum. Farashinsa a lokacin senti 15 ne a kan kowace gigabait a wata. Manhajojin da aka rubuta masa a wancan lokaci har yanzu suna aiki da shi.

Sai dai ba kowace a'a ce ta alheri ba, kuma nan ne nake rabuwa da masu yabon sauƙi ido rufe. Google ya fito da App Engine a watan Afrilu na 2008, shi ma da sharuɗɗa masu tsauri: yaren Python kaɗai, kuma dole ka yi amfani da rumbun bayanai irin na Google, wanda ba a samunsa a ko'ina sai can. Ya yi sauƙi, ya kuma iya ɗaukar jama'a. Amma da aka sauya tsarin farashi a 2011, masu manhaja da yawa suka ga kuɗinsu ya yi tsalle, suka waiga neman hanyar fita suka tarar sai sun sake rubuta babban ɓangare na aikinsu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, fitowa kuwa sai an zuro guga. Na Parse ya fi ciwo. Dandali ne da masu manhajar waya suka so ƙwarai, Facebook ya saye shi a 2013, a watan Janairu na 2016 ya sanar zai rufe shi. An ba mutane shekara guda, an kuma saki rubutun sabarsa kyauta ga mai son ya riƙe da kansa, wanda abin a yaba ne, amma duk da haka shekarar kwashe kaya ce ba ta gina sabon abu ba.

Bambancin da ke tsakani shi ne wanda ya kamata duk mai gina dandali ya riƙe. Sharuɗɗan Heroku suna gyara wa manhajarka ɗabi'a, kuma rumbun bayanan da yake bayarwa Postgres ne, wanda kowa zai iya girkawa a kowace kwamfuta. Shi ya sa da Heroku ya soke tsarinsa na kyauta a ranar 28 ga Nuwamba, 2022, ɗalibai da masu koyo suka ji zafi, amma akasarinsu suka ɗauke kayansu suka koma wasu wurare ba tare da wata doguwar wahala ba. Wanda ya hana ka abu domin aikinka ya tsaftata ya yi maka gata. Wanda ya hana ka domin kada ka iya tafiya, wannan mai gidan haya ne da ya ɓoye makullin ƙofar waje.

To Kubernetes fa, wanda ya hana ɗan ƙanwata barci? Kayan aiki ne na gaske, ba na raina shi. Google ya fito da shi a 2014, daga gogewar da ya samu wajen sarrafa ɗimbin kwamfutocinsa, shekara guda bayan Docker ya sa kowa ya fara zuba manhaja a akwati. Banki ko kamfanin sadarwa mai tawagogi goma na injiniyoyi yana da dalilin amfani da shi. Amma kayan gina dandali ne, kamar a ce siminti da rodi, an miƙa wa mai neman ɗakin kwana. Abin da ya faru cikin shekarun nan shi ne an mayar da aikin mai dandali kan mai manhaja, aka kuma kira hakan 'yanci. AWS, wato girgijen Amazon, shi kaɗai yanzu yana da hidimomi sama da 200. Yaron da ya zo ɗora shafin sakamakon jarrabawa, sai ya fara da zaɓe tsakanin hanyoyi da dama na yin abu ɗaya, kowace da tsarin kuɗinta.

Maganar "in makarantu dubu suka zo gobe" kuwa, lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a watan Fabrairu na 2014 a kan dala biliyan 19, mutum miliyan 450 ke amfani da shi, injiniyoyinsa 32. Sun zaɓi 'yan kayan aiki kaɗan, sun san su ciki da waje, sun ƙi ƙara abin da ba dole ba.

Akwai wani ɓangare na sauƙi da masu gina dandali a California ba sa jin nauyinsa kamar yadda muke ji a nan, wato lissafi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai biyan dala 20 a wata, wanda lissafinsa bai kai naira 10,000 ba, ya wayi gari yana neman 30,000, makarantar da ya yi wa aiki kuwa ba ta ƙara masa ko sisi ba. Wannan ma sai in katin bankinsa ya yarda ya biya, domin an yi dogon lokaci katunan naira ba sa aiki a shafukan waje. Ga mutum irin wannan, takardar kuɗi mai layi arba'in, kaza na ajiya, kaza na fitar bayanai, kaza na yawan buƙatu, fargaba ce ta kowane ƙarshen wata. Kamfanin hayar saba na DigitalOcean ya yi suna ne da magana ɗaya da kowa ke ganewa, saba guda dala 5 a wata. Ni a ganina dandalin da bai ba ka maɓallin da za ka ce "in kuɗi ya kai kaza a tsaya" ba, bai gama zama mai sauƙi ba, komai kyan allonsa. Ita ma a'a ce da ya kamata dandali ya iya faɗa a madadinka.

Nisa ma lissafi ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da MainOne da WACS, aka ga yadda harkar banki da ta intanet suka yi tsaiko a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Manhajar da masu amfani da ita ke Kano amma sabarta ke Turai ko Amurka, ranar ta san cewa girgijen nan yana da igiya. AWS bai buɗe babbar cibiyar sabobinsa ta farko a Afirka ba sai 2020, a Cape Town, garin da, abin mamaki, a can ne aka gina EC2, hidimarsa ta hayar sabobi, tun farko. Matasanmu da ke tunanin gina ƙaramin dandali na cikin gida, a nan gurbinsu yake. Ba za su kamo Amazon a yawan hidimomi ba, kuma kada su gwada. Hanya ɗaya ta ɗora manhaja, Postgres, farashi ɗaya a naira da ake biya ta tiransifa, da mutumin da zai ɗaga waya. In suka iya riƙe waɗannan kaɗai da amana, sun isa kasuwa.

Amma su sani, wahalar da suka ɗauke wa mai manhaja ba ɓacewa take yi ba, kansu take komawa. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani injiniyan Amazon yana binciken wata matsala a tsarin lissafin kuɗin S3, ya rubuta umarnin cire wasu 'yan sabobi kaɗan daga aiki, ya yi kuskure a abin da ya shigar, sai aka cire masu yawa. Sassan da ke riƙe da jerin duk abin da aka ajiye a cibiyar arewacin Virginia suka buƙaci a tayar da su daga tushe, abin da aka yi shekaru ba a yi ba. Aka shafe kusan awa huɗu ɗimbin shafuka a duniya suna kwance. Abin dariyar, in akwai, shi ne allon da Amazon ke sanar da matsala a kansa shi ma da S3 ya dogara, sai ta Twitter suka riƙa ba da labari. A bayanin da suka fitar daga baya ba su rataya laifin a wuyan injiniyan ba. Sun gyara kayan aikin ne, ta yadda zai riƙa cire sabobi a hankali, kuma zai ƙi bin umarni idan abin da zai rage bai kai mafi ƙarancin da ake buƙata ba. Wato su ma, bayan shekara 11, sun koya wa na'urarsu ta ce wa ma'aikacinsu a'a.

Ɗan ƙanwata dai bai ji maganata a ranar ba. Ya ce, "Kawu, ku zamaninku daban ne." Na ce to. Abin da ya sauko da shi shugaban makarantar ne, da ya kira ya ce ranar Juma'a ake ba da hutu kuma iyaye sun fara tambaya. Daren Laraba ya kwashe fayilolin saitin nan ya ajiye gefe, ya kama hayar saba ɗaya mafi araha, ya ɗora manhajar da rumbun bayananta, ya sa a riƙa kwafe bayanan zuwa wani wuri kowane dare. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci iyaye suka yi ta shiga. Ya turo min hoton allon da ke nuna nauyin da ke kan sabar, layin ko rabi bai kai ba. A ƙasan hoton ya rubuta cewa wata makaranta ta biyu ta kira shi, kuma yana tambaya ko in rako shi su yi ciniki.