Ba soja ne ya ɗauke ka aiki ba, Malam

Tun jiya nake kallon yadda kuka yi ca a kan bawan Allahn nan da ya ajiye koyar da Turanci a sansanin soja a Saudiyya ya dawo Jidda hannu rabbana. Wai ya yi wa arziki kulli. Wai wa ke barin aikin gwamnati. To wane aikin gwamnatin? Madalla da masana, waɗanda ko ƙofar sansani ba su taɓa gani ba.

Ku ji da kyau. Yawancin masu koya wa kuratan soja Turanci a Zahran ko Jubail ko Riyad, ba soja ne ya ɗauke su ba. Kamfani ne ya ci kwangila, shi ya kawo ka, sunansa ne a igamarka, wato takardar izinin zama, shi ne kafilinka mai tsaya maka. Kanar ɗin da kake gaisarwa kullum da safe ba shi da ta cewa a albashinka. Amma a aji shi ke iko da kai. Iyayengiji biyu ke nan: ɗaya na ba da umarni ba ya biya, ɗaya na biya ba ya zuwa aji. Ranar da kwangilar ta koma hannun wani kamfani, sai ka ga an ce a sake sa hannu, kuma in ba a rubuta cewa shekarunka na baya suna nan ba, lissafi ya koma farko.

Kuskuren mutumin nan ba barin aikin ba ne. Lokacin da ya bari ne. Dokar ƙwadago ta Saudiyya a fili take. Sashe na 84 ya ce kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, bayan nan wata guda cur. Sashe na 85 kuma ya ce wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara 2 ba shi da ko halala. Daga 2 zuwa 5 sulusi, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku. A ce albashinka riyal 10,000. Ka kammala kwantiragin shekara 2, sallamarka 10,000. Ka fusata a wata na 23, ka tashi a tutar babu, kuma kamfanin na iya neman diyyar ragowar wa'adin. Wata ɗaya tak!

Za a ce ai ba haraji a albashi. Na ji. Mace ɗaya da yara uku, kuɗin masu rakiya riyal 400 kowane kai a wata, 19,200 ke nan a shekara, ban da hayar gida da makaranta da harajin kaya na kashi 15. In kwantiragin na gwauro ne, duk a wuyanka. Za a kuma ce ai Turawan da ke wurin suna shan daɗi. Eh, su. Fasfo ake biya, ba ilimi ba. Ɗan Kano mai digiri na biyu da shaidar koyar da Turanci ta CELTA yana koyar da littafi ɗaya da Ba'amurke, a aji mai bango ɗaya, amma takardar albashinsu ba ta haɗa hanya ba.

Aikin kansa fa? Yara ne da aka tasa fareti tun asuba, su shigo aji idonsu na rufewa. A wurare da yawa littattafan sojan Amurka ake bi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe jarrabawar Turanci ta ALCPT mai tambaya 100. Yaro ya faɗi, ba a tambayar awa nawa ya yi barci, malami ake kira.

Don Allah, ƙannena masu shirin zuwa, da gaske nake. Kafin ka sa hannu ka duba sunan da ke kan kwantiragin a Qiwa, domin shi za ka kai ƙara ba rundunar ba. Ka tambaya awa nawa ne a aji, nawa ne zaman ofis. Doka ta tsaya a awa 48 a mako, 36 ga Musulmi a Ramadan, abin da ya haura kuwa akwai ƙarin rabin albashin tushe a kowace awa. Hutu kwana 21 ne mafi ƙaranci. Kuɗin igama da lasisin aiki da tikitin komawa gida na kamfani ne, sashe na 40. Fasfonka kuma a aljihunka zai kwana.

Ku kuma dangi na gida, ku daina buga riyal da naira a waya kuna aiko da jerin buƙatu. Mutum na gabashin ƙasar, tsakaninsa da Makka ya haura kilomita 1,000, amma kowane azumi sai an ce ya je filin jirgin Jidda ya tarbi Hajiya Babba, ya kuma tabbatar ya kai ta Shara Mansur cin masa.