Su suna goge Morris Minor, mu me ya faru da 504?

Ranar Lahadi na je bajekolin tsofaffin motoci a wani fili kusa da Oxford. An aske ciyawa tas, dattawa sun baje kujerun naɗewa suna tsiyayar shayi daga filas, kowa da tsummansa yana goge motar da ta girmi 'ya'yansa. Wani mai Morris Minor da ya ji daga Najeriya nake sai ya ce, "Ku can kuna adana mota kuwa, ko sai ta mutu a hanya?" Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta tsaya mini a wuya.

Ba na musun motar ta cancanci gata. Alec Issigonis ne ya zana ta, aka fito da ita a Landan a 1948, ana ƙera ta a Cowley, nan bakin Oxford. Dab da fara ƙira ya ga ta yi siriri, ya ƙara mata faɗin inci 4, har sai da aka yi wa bambar motocin farko ƙari a tsakiya. Ita ce motar Birtaniya ta farko da aka ƙera miliyan ɗaya, ungozomomi da 'yan gidan waya suka yi ta yawo da ita, ba a daina ƙera ta ba sai 1971. Yau ma kayan gyaranta na samuwa, kuma motar da ta haura shekara 40 gwamnati na yafe mata harajin hanya. Wannan kam sun burge ni.

To amma mai mota biyu ne ke ajiye ɗaya a gareji sai bazara. Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba ta taɓa hutun Lahadi ba. Kano zuwa Maiduguri, fasinja da buhunan hatsi, kanikawa na ɗinke ta har ƙarfe ya ce ya gaji. Wannan ba wulaƙanta mota ba ne.

Kuma masu gorin, ina kamfanin nasu? Masana'antar Cowley yanzu Mini take yi wa BMW na Jamus, sunan Morris kuwa yana hannun wani kamfanin China.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, su ko ba komai sun ajiye takardu, da gidan tarihi, da ƙungiyar masu motar. Mu maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna da za su ƙera maka duk ƙarfen da ka nuna musu suna ta tsufa, ba wanda ya rubuta ko sunayensu, 'ya'yansu kuma sun koma achaba.